Yarfe da Maguɗi a Zaɓen Shugaban Ƙasar Nijar: Hange daga Matameye

1. Gabatarwa

A wannan takarda muna son bin sawun abubuwa biyu da aka saba haɗa su wuri guda, wato yarfe da maguɗi. Yarfe shi ne shafa wa abokin hamayya baƙin jini da ƙage kafin a jefa ƙuri'a. Maguɗi kuwa shi ne murɗe ƙuri'ar kanta. Ra'ayinmu shi ne, a tarihin Nijar yarfen da ya fi daɗewa shi ne na asali, wato tambayar "ɗan ina ne?", kuma bai taɓa isar mai shi ba sai ya haɗa da ikon hukuma.

Mun tsaya a Matameye, hedikwatar gundumar Kance a jihar Damagaram, saboda wuri ne na bakin iyaka. Daga nan hanya ta bi ta Ɗan Barto ta shiga ƙasar Daura. Kalmomin siyasa ma ta nan suke ƙetarawa tare da gyaɗa da rake: "Sawaba" kirarin NEPU ne a Kano kafin ta zama sunan jam'iyyar Jibo Bakari, "tazarce" kuma ta zamanin Abaca ce kafin magoya bayan Tanja su are ta a 2008.

2. Tushen abin: 1958

Ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 ba zaɓen shugaban ƙasa ba ce, amma a can aka koyi sana'ar. Jibo Bakari, shugaban gwamnatin yankin a lokacin, ya nemi a ce "a'a" ga tayin De Gaulle. Faransa ta turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, aka janye sarakunan da ke tare da Sawaba, aka kuma yaɗa cewa jam'iyyar ƴar koren ƙasashen waje ce, mai neman rushe sarauta. "I" ta samu kimanin kashi 78 cikin 100. A 1959 aka haramta Sawaba. Klaas van Walraven ya bi wannan labari filla-filla a littafinsa na 2013. Daga nan har 1993 babu yaƙin neman zaɓen da ya amsa sunansa: Jori Hamani a 1965 da 1970, da Ali Saibu a 1989, duk su kaɗai suka tsaya.

3. 1993: yarfen yanki

Bayan taron ƙasa na 1991 aka yi zaɓen farko mai ƴan takara da yawa, zagaye na farko ranar 27 ga Fabrairu 1993, na biyu ranar 27 ga Maris. Tanja Mamadu na MNSD-Nasara ya zo gaba da kimanin kashi 34, Mahaman Usman na CDS-Rahama yana biye da kusan 27. Jam'iyyun ƙawancen AFC suka taru a bayan Usman, ya ci da kashi 54 da ɗoriya.

Damagaram ita ce cibiyar CDS, kuma jam'iyyar ta tarar da tsohon miki. Tun da aka ɗauke hedikwatar mulkin mallaka daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, mutanen gabas ke ganin su ke noma gyaɗar, wasu ke riƙe da ofis. Wannan kuka yana da tushe. Abin da aka ɗora a kansa ne ba shi da shi. Ɓangare guda ya kira CDS jam'iyyar Damagarawa zalla, ɗayan ya kira MNSD jam'iyyar Zabarmawa da sojoji. To amma Tanja mutumin Maine-Soroa ne, ya fi Usman zama ɗan gabas. Mumuni Adamu Jarmakwai kuwa, ɗan gidan sarautar Doso, ya bar MNSD bayan Tanja ya kayar da shi a shugabancin jam'iyyar, ya kafa ANDP-Zaman Lahiya, kuma da ƙuri'un mutanensa aka ɗora Usman. Duk wanda ya duba jerin ƴan takara ya san taswirar ƙabila ba ta dace da su ba.

Me ya sa ƙagen ya yi tafiya duk da haka? A ganinmu amsar tana cikin hanyar da saƙo ke bi. A karkara irin ta Kance, manufar jam'iyya da aka rubuta da Faransanci ba ta isa kunnen mai jefa ƙuri'a. Abin da ke isa shi ne bakin maroƙi da kaset ɗin mawaƙi da hirar ranar kasuwa da ta rumfar mai shayi. Zambo da kirari tagwaye ne a al'adar roƙo, kuma zambo da asali yake ci: wane ɗan wane, daga ina kakansa ya zo. Ɗan siyasa bai ƙirƙiro wannan makami ba, haya ya ɗauke shi. Ribarsa kuma ita ce ba a kama shi da maganar, tunda ba daga bakinsa ta fita ba. (Mun lura cewa masu nazarin zaɓe sun fi ƙidaya turamen atamfa da buhunan shinkafa, wataƙila don su ake iya gani da ido.)

4. 1996: ranar da aka daina wahalar yarfe

Ƙawancen AFC bai yi ƙarko ba. Mahamadu Isufu ya ajiye muƙamin firaminista a 1994, aka sake zaɓen majalisa a Janairun 1995, Hama Amadu na MNSD ya zama firaminista, shi da shugaban ƙasa suka shekara ba sa ga maciji. Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanar Ibrahim Ba'are Mainasara ya kifar da su duka.

Ba'are ya tsaya takara da kansa. Aka shirya zaɓen a kwana biyu, 7 da 8 ga Yuli 1996. Ana tsakar aiki, a rana ta biyu, ya rushe hukumar zaɓe mai zaman kanta, CENI, ya naɗa wata mai suna CNE, jami'an tsaro suka kwashe akwatuna, aka tsare abokan takararsa huɗu a gidajensu: Usman, Tanja, Isufu da Jarmakwai. Sabuwar hukumar ta ba shi kashi 52 tun zagayen farko, Usman ƙasa da 20, kotun ƙoli ta amince. Amurka ta dakatar da taimako, Faransa ta ci gaba da hulɗa.

Wannan shi ne maguɗi tsirara, kuma ya nuna iyakar yarfe. Hujjar yaƙin Ba'are ita ce ƴan siyasa sun kashe ƙasa da rigimarsu. Ba za mu ce ƙarya ce tsantsa ba. Sai dai da ta wadatar, da ba a taɓa CENI ba. Ga manomin Matameye da ya bar noman farko a tsakiyar damina ya bi layi, darasin a fili yake: ƙuri'arsa ta shiga akwati, lissafin kuma a wani ɗaki aka yi shi. Ƴan adawa suka ƙaurace wa zaɓen majalisa na Nuwamba. Ranar 9 ga Afrilu 1999 masu tsaron Ba'are suka harbe shi a filin jirgin Yamai.

5. 2016 da 2021: kotu da takardar haihuwa

Daga baya makaman suka koma cikin doka. A 2016 Hama Amadu ya yi takara daga gidan kason Filinge bisa tuhumar safarar jarirai, wadda ya ce ƙullin siyasa ce. Ya kai zagaye na biyu, ƴan adawa suka ƙaurace, Isufu ya samu fiye da kashi 92. Hukuncin ɗaurin shekara ɗaya na wannan shari'a shi ya hana shi tsayawa a 2020.

A zaɓen 27 ga Disamba 2020 da 21 ga Fabrairu 2021 ƴan adawa ne suka ɗauki tsohon makamin. Tsarin mulkin 2010 ya shardanta ɗan takara ya zama ɗan Nijar na asali, sai aka kai ƙara cewa Bazum Mohamed, Balarabe, tsohon ɗan majalisar Tesker, ba shi ne ba. Kotu ta kori ƙarar, amma maganar ta riga ta bi WhatsApp, wanda ya gaji aikin kaset. Abokin karawarsa Mahaman Usman ne, wannan karo a RDR-Canji, wato mutumin da aka yi wa yarfen yanki a 1993. Bazum ya ci da kusan kashi 56, Usman ya ce an yi masa fashi, aka yi tarzoma a Yamai har da asarar rayuka.

A bakin iyaka tambayar asali ba ta tsaya kan Balarabe ɗaya ba. Gidaje da yawa a ƙasar Kance uwa Badauriya ce, uba Badamagare, kuma dattawa da dama takardunsu na hukuncin alƙali ne da aka yi shekaru bayan haihuwa. Ma'aunin da aka ɗauko don Bazum, da an gwada shi a Matameye, da ya kama wasu daga cikin masu tafa masa. Sojoji sun kifar da Bazum ranar 26 ga Yuli 2023, a watan Maris 2025 kuma aka rushe dukkan jam'iyyun siyasa, har da waɗanda suka kai ƙarar.