Sinadarin da ke Taƙaita Rassan Shuka Shi ne ke Tayar da Ƙuduji

Yawan rassan da shuka ke fitarwa, ko 'ya'yan da dawa da shinkafa ke yi daga gindi, abu ne da ƙwayoyin gado ke sarrafawa ta hanyar wasu sinadarai. Ɗaya daga cikinsu shi ne sitirigolakton, wanda akasari saiwa ce ke samar da shi, sannan ya hau kara ya hana idon reshe tohowa. Sai dai wannan sinadari shi ne kuma ke tayar da irin ƙuduji, ko wuta-wuta, wanda ke kassara dawa, gero da masara a arewacin Najeriya da kudancin Nijar.

Yadda aka gano shi

A shekarar 1966 masana a Amurka suka fara ware wani nau'insa daga saiwar auduga, inda suka lura cewa yana sa irin ƙuduji tsirowa. A 2005 masu bincike a Japan suka nuna cewa shuka na fitar da shi cikin ƙasa domin jawo wasu ƙananan halittu dangin naman kaza, waɗanda ke manne wa saiwa su taimaka mata wajen tsotso sinadarin fosforas. A 2008 kuma rukunoni biyu, ɗaya a Japan da ya yi aiki kan shinkafa, ɗaya na masanan Faransa, Ostareliya da Holan, suka tabbatar da cewa shi ne ke taƙaita rassa. Shinkafar da ta rasa ƙwayoyin gadon samar da shi kan zama gajera, ta yi 'ya'ya barkatai.

Alaƙarsa da ƙarfin ƙasa

Idan fosforas ya yi ƙaranci, shuka kan ƙara yawan sinadarin: ta rage rassa domin tattalin abincinta, ta kuma nemi agaji a ƙarƙashin ƙasa. Irin ƙuduji, wanda ke iya shafe sama da shekara 10 a kwance, da zarar ya ji shi sai ya tsiro ya kama saiwa, yana shan ruwa da abincin shukar tun kafin ya ɓullo sama. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ƙuduji ya fi addabar gonar da ta gaji. Wani bincike na 2014 ya kuma nuna cewa tsiron gwaji da aka raba da sinadarin ya fi saurin galabaita a lokacin fari da kuma a ƙasa mai gishiri.

Mafitar da masana ke bi

Saboda haka kawar da sinadarin gaba ɗaya ba magani ba ne. A 2017 tawagar Farfesa Gebisa Ejeta, ɗan asalin Habasha da ke Jami'ar Purdue a Amurka, ta bayyana wata ƙwayar gado a dawa mai suna LGS1. Idan ta daina aiki, dawar na ci gaba da samar da sitirigolakton, amma wani nau'i na daban wanda ba ya tayar da irin ƙuduji sosai. Nau'in dawa na SRN39 na ɗauke da wannan sauyi, kuma masu inganta iri na iya shigar da shi cikin wasu nau'o'in ta hanyar barbara.

A Najeriya, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Zariya da cibiyar IITA ta Ibadan sun daɗe suna samar da irin masara da wake masu jure ƙuduji. Masana na ba da shawarar a haɗa ingantaccen iri da taki, a riƙa karɓa-karɓa da waken suya ko auduga, waɗanda ke sa irin ƙuduji ya tsiro ya mutu don ba ya iya kama saiwarsu, sannan a tuge duk wanda ya fito kafin ya yi fure.