Wainar Nasara: Ɗan Tarihin Kullu Da Kitse

Kakata ta wajen uba, wadda mutuniyar Roni ce, ta sha ba mu labarin mahaifinta da ya yi aikin kuku a wurin wani Bature gab da samun mulkin kai. In Baturen ya fito rangadi ƙasar Kazaure, wadda a lokacin tana cikin Lardin Kano, to, da kuku da boyi duk suna biye, a sauka a bariki. Ranar Lahadi kuwa dole a gasa naman sa, a haɗa da wani abu da mutanen gidanmu suka laƙaba wa suna wainar Nasara. Sai da na zo jami'a na gane ashe abin da Ingilishi ke kira Yorkshire pudding ne.

Ga yadda ake yin sa. Akan kaɗa ƙwai da madara da fulawa da ɗan gishiri, a bar kullun ya huta. Sa'an nan a zuba kitsen da ya tsiyaye daga naman a cikin wani faranti mai gurabu, a sa a wuta sai ya fara hayaƙi, kana a zuba kullun. Ba yis, ba kanwa. Tururin da ke tasowa cikin kullun shi ke kumbura shi, ƙwai ya riƙe. Wanda ya yi garajen buɗe murfi kafin ya nuna, sai abin ya sace. A ƙauye, inda babu murhun Turawa, kukun kan kwantar da garwar kananzir, ya lulluɓe ta da garwashi sama da ƙasa.

Asalinsa abincin tattali ne. A arewacin Ingila akan rataye nama a gaban wuta, a girka kasko a ƙarƙashi don kada kitse ya zube a banza. An buga yadda ake yin sa a wani littafi cikin 1737, sa'an nan a 1747 wata mata mai suna Hannah Glasse ta sa shi a littafinta na girki da sunan da ake kiransa har yau. An ce a gidajen talakawa shi ake fara ba yara da romo, don ciki ya cika kafin a zo kan nama. Duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san wannan dabara ba sai an fassara masa ba.

To, mai karatu, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da nake ji a bakin wasu 'yan'uwana ɗalibai, wai duk abincin da aka yi da alkama ko aka toya a gurbi, Bature ne ya kawo mana. Harshenmu kansa ya ƙaryata wannan. Kalmomin alkama da gurasa da alkaki da tanderu duk daga Larabci muka aro su, watau sun biyo ayarin Sahara ne, tun kafin sojojin Lugga su ci Kano a 1903. Ita kuwa dabarar zuba kullu a gurbi mai zafi da mai, ai ita ce tandar waina. Bambancin kawai, tamu tsami ke tashinta. A jiƙa shinkafa, ko gero kamar yadda aka saba a ƙauyukan Gwiwa da Babura, a niƙa, a bar kullun ya kwana, da safe a kashe tsamin da ruwan kanwa. Mai toya waina takan juya ta da koshiya, shi kuwa na Ingila ba a taɓa shi sai ya fito.

Abin da Turawa suka kawo na haƙiƙa shi ne farin gari na inji, da kalmomin da suka biyo shi: fulawa, burodi, kek, fanke. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, buhunan fulawa suka samu hanya. A 1962 injin niƙa alkama na Apapa ya fara aiki da alkamar ƙetare, burodi ya zama abin karin kumallo har a tashoshin mota. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, masu shayi da burodi suka ji a jikinsu, har aka janye dokar a 1992. Masu waina kuwa ko a jikinsu, don gerensu na rumbu.

Shi kansa abincin na Lahadi bai zauna ba. Yana cin ƙwai da yawa, a zamanin da ake hana yara da mata cin ƙwai a gidaje da dama, ga shi yana son wuta sama da ƙasa, alhali murhunmu na duwatsu uku ne. Da Baturen ya koma gida, kukun ya dawo Roni ya kama noma. Kakata ta ce sau ɗaya ya taɓa yi musu, wata Babbar Salla, da kitsen rago. Mahaifiyarta ta ɗanɗana, ta ce ga girma kam, amma ciki ba komai sai iska, kuma an manta ba a bar kullun ya kwana ba.