Naƙuda da Wuƙar Likita: Tarihin Haihuwa ta Tiyata

Fiɗe cikin mace don a ciro jariri tsohon aiki ne, amma a farkonsa gawa ake yi wa. Tsohuwar dokar Rumawa ta hana a binne mai cikin da ta rasu sai an ciro abin da ke cikinta. Malaman fiƙihu ma sun tattauna mas'alar, Hanafawa da Shafi'awa suka halatta yin haka idan ana kyautata zaton ɗan yana da rai. Mace mai rai kuwa, in aka fiɗe ta, galibi zubar jini ko ruɓewar rauni ke halaka ta, domin a wancan zamani ba a ɗinke mahaifa bayan an yanka.

Afirka tana da nata rabo a wannan tarihi. A 1879, wani Bature mai suna Robert Felkin ya ga masu magani a masarautar Bunyoro, cikin Yuganda ta yau, sun fiɗe wata mata, suka yi amfani da giyar ayaba wajen wanke hannu da ciki, uwa da jaririnta suka rayu. A ƙasashen Turawa, maganin sa barci ya shiga aikin tiyata a 1846. A 1882 likitan Jamus Max Sänger ya yaɗa dabarar ɗinke mahaifa, daga baya ƙarin jini da penisilin suka iso. Daga nan ne mutuwar mata a wannan aiki ta ragu ƙwarai.

Da aikin ya yi sauƙi, sai wasu suka fara zaɓarsa ba tare da larura ba. A 1985 masanan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara a Fortaleza ta Burazil suka ce babu dalilin da zai sa tiyata ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na haihuwa. A 2021 hukumar ta ce adadin ya kai kashi 21 a duniya, a Burazil ya haura rabi, alhali a Afirka kudu da Sahara kashi 5 ne kacal.

Kowace hanya da nata haɗari. Doguwar naƙuda kan jawo yoyon fitsari, ko fashewar mahaifa, ko rasa jariri, kuma a nan tiyata ceton rai ce. Ita tiyata kuma tana barin tabo a mahaifa, wanda kan iya tsagewa a cikin gaba, ko mabiyiya ta manne masa ta haddasa zubar jini. Haɗarin yana ƙaruwa da yawan yanka, abin lura ga mai burin 'ya'ya da yawa.

Saboda haka, 'yan uwa, kada kunya ko gorin dangi ya sa a ƙi sa hannu idan likita ya ce larura ta zo, kada kuma tsoron naƙuda kaɗai ya kai mace ɗakin tiyata. A je awon ciki da wuri, a tambayi likita dalilinsa. Allah ya sauki masu ciki lafiya.