Daga Babbaƙu Zuwa Ba Be Bi Bo Bu: Tarihin Koya Wa Yara Karatu

'Yan uwa tsofaffin ɗalibai, da yawa daga cikinmu yanzu muna da yara a firamare, kuma mun sha jin malamansu suna ambaton wata hanyar koyarwa wai ita fonik, suna cewa sabuwa ce daga Ingila. Ma'anarta dai ita ce a koya wa yaro sautin da kowane harafi yake bayarwa, sa'an nan ya riƙa harhaɗa sautukan da kansa har kalma ta fito. Littattafan sababbi ne, babu musu, amma ita hanyar ta daɗe a ƙasar Hausa.

Tun kafin zuwan Turawa, malamin allo ba ya barin yaro ya tsallake mataki. Da farko babbaƙu, inda yaro zai san kowane harafi da sunansa na Hausa, irin su alu da ambaki da ha kuri. Daga nan sai farfaru, a nuna masa wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da ɗauri, ya ji yadda baƙi guda yake sauya murya idan wasali ya sauya. Sai ya ƙware a nan ake sakar masa karatu ya haɗa. Nakasun tsarin shi ne yaron yana karanta Larabcin da bai san fassararsa ba tukuna, amma ta fuskar sarrafa harafi, wanda ya bi ta wannan hanya ba ya canke.

Da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, sai aka ɗora boko a kan wannan turba. A 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa, a shekarun 1930 kuma, zamanin da Rupert East yake shugabancin Hukumar Talifi a Zariya, haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suka sami gindin zama. Abin da wannan aiki ya haifar shi ne rubutun da kusan kowane harafi yake da sauti guda tak. Yaro ya san b, ya san wasula biyar, ya rera ba be bi bo bu, gobe sai ga shi yana karanta baba da babu ba tare da kowa ya faɗa masa ba. Inda rubutun ya gaza shi ne ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, shi ya sa garin da ake zama da garin da ake tuwo da shi suke fitowa iri ɗaya a takarda. Amma ɗan Bahaushe daga jimla yake gane wanda ake nufi. Da irin wannan haɗa gaɓoɓi ne Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya koya wa magidanta karatu, har suka riƙa sayen Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Rigimar a wajen Turawa take, domin Ingilishi yana da haruffa 26 amma sautukansa sun kai 44. Saboda haka malamai da yawa a Amurka suka koma nuna wa yaro kalma sukutum tare da hoto, ya haddace siffarta. Rudolf Flesch ya yi wa wannan hanya kaca-kaca a littafinsa na 1955, Jeanne Chall ta Jami'ar Harvard kuma ta tattara binciken da aka yi, a 1967 ta nuna cewa fara wa yaro da sauti ya fi amfani. Duk da haka aka ci gaba da ja-in-ja shekara da shekaru. Ingila ba ta tsayar da magana ba sai bayan rahoton Jim Rose na 2006, kuma a 2012 ta fara gwada yara 'yan kimanin shekara 6 da kalmomi 40, rabinsu ƙirƙirarru marasa ma'ana, don a gane wanda yake karantawa da wanda ya haddace.

Mu kuwa, a ganina, mun ari rigimar da ba tamu ba. Bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976 azuzuwa suka cika maƙil, aka yaye malamai cikin gaggawa, kuma ko da yake manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara wa yaro da harshensa, iyaye sun fi son jin Turanci a bakinsa. Sai aji ya koma rera e bi si da bin bakin malami. Yaron da ya san sunayen si da e da ti, ta yaya zai haɗa su ya sami kalmar kyanwa ta Turanci, alhali sautukanta k da a da t ne? Haka za ka tarar da ɗan aji huɗu yana zuba shafi guda da ka, a rufe hoton kuwa sai ya yi tsuru-tsuru.

Jolly Phonics, wanda Sue Lloyd ta rubuta littafin jagorarsa a 1992 da sautuka 42, daga baya ya shigo makarantun gwamnati na jihohi da dama. Bayan 2015 kuma aka samar da littattafan Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, waɗanda suka koma koya wa yaro sauti da gaɓa cikin Hausa kafin a kai shi ga Turanci.