Bagaruwa

bàgàruwā (suna, mace; a wasu wurare gabaruwa).

1. Itaciya mai ƙaya fara doguwa, mai son fadama da ƙasar laka. Furenta rawaya ne, dunƙule-dunƙule. Masana tsirrai na kiranta Vachellia nilotica.

2. 'Ya'yan wannan itaciya, masu kama da carbi, furu-furu in sun bushe. Da su majema ke jeme fata, kuma baurin nan da ke kama fata shi ne sirrin maganinta. Ba kasafai ake rasa ta a ɗakin tsohuwa ba, don takan shekara a ƙunshe ba ta lalace ba. Akan jiƙa ta a kurkure baki saboda ciwon dasashi, a barbaɗa garinta a kan miki, mai jego da mai basir kuma su zauna a ruwanta mai ɗumi. Wasu kan sha kaɗan don tsayar da gudawa, amma in ta yi yawa takan ɗaure ciki. Yaro mai zawo kuwa, ruwan gishiri da sukari ne farko, sannan asibiti.

Misali: "Inna, ki jiƙo mini bagaruwa, dasashina na jini."

3. Sunan wani gari a jihar Tawa, Jamhuriyar Nijar.