Bahon Wankan Jariri: Ya Zama Dole a Saya?

Idan haihuwa ta kusa, ana lissafa kayan da za a tanada: zannuwa, tawul, sabulu, riguna da hula. Bahon wankan jariri, wato dogon bahon roba da ake sayarwa a kasuwannin Tambuwal da Sakkwato, yana cikin kayan da iyaye da yawa a Kebbe da ƙauyukanta ke tambaya a kansu.

Amsa a taƙaice

Ba dole ba ne. Abin da jariri yake buƙata shi ne mazubi mai tsafta, mai faɗi, marar zurfi, wanda aka keɓe masa shi kaɗai. Sabuwar roba ko daro na gida ya wadatar. Idan kuna da hali, bahon na musamman yana sauƙaƙa wanka domin yana da wurin jingina bayan jariri. Amma illar da jarirai ke samu wajen wanka tana fitowa ne daga sanyi, ruwa mai zafi, ƙazantar cibiya da nutsewa, kuma baho mai tsada ba ya kare ko ɗaya daga cikinsu.

Yaushe za a fara amfani da baho?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jinkirta wankan farko har sai jariri ya cika awa 24 da haihuwa. A wannan lokacin a goge jikinsa da busasshen zani mai tsafta, a sa masa hula, a ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata, a fara ba shi nono cikin awa ɗaya. Farin maiƙon da ake haihuwarsa da shi ba datti ba ne. Yana kare fata, kada a kankare shi da soso.

Bayan haka, har cibiya ta faɗi, ya fi kyau a riƙa goge jikinsa da ƙyalle mai laushi da ruwa mai ɗumi, ba tare da an tsoma shi cikin ruwa ba. Cibiya takan faɗi tsakanin kwana 5 zuwa 15. Ke nan a makon farko, har ranar suna, bahon ba shi da wani aiki sosai, don haka babu gaggawar sayensa kafin haihuwa.

Bakwaini, ko jaririn da nauyinsa bai kai kilo 2 da rabi ba, yana saurin yin sanyi fiye da sauran. Kada a tsoma shi a ruwa sai ma'aikacin lafiya ya ce lokaci ya yi.

Idan za ku yi amfani da robar gida

Ku ware ta don jariri kawai. Robar da ake wanki, wanke-wanke, jiƙa gero ko ba dabbobi ruwa a ciki ba ta dace ba. Ku duba kada ta kasance da tsaga ko baki mai kaifi. Daron ƙarfe yana ɗaukar zafi idan ya sha rana, yana kuma yin sanyi ƙalau da hunturu, don haka ku taɓa shi da hannu tukuna. Ku shimfiɗa ƙaramin tawul a ƙasan robar don kada jariri ya zame. Bayan kowane wanka a wanke ta da sabulu, a kife ta a rana ta bushe.

Idan kun yanke shawarar saye

Ku zaɓi mai kauri wanda ba ya lanƙwashewa idan an zuba ruwa, mai gindi shimfiɗaɗɗe da yake zama daram a ƙasa. Ku guji wanda ake hura wa iska, da kujerar wanka da ake zaunar da jariri a ciki, domin suna iya kifewa, suna kuma sa mai wanka ta saki jiki ta ɗauke hannu. Ku tuna cewa yawancin jarirai sukan fi ƙarfin ƙaramin baho a wajen wata 6, lokacin da suka fara zama. Bahon aro daga 'yar uwa ko maƙwabciya ba laifi, muddin bai tsage ba kuma an wanke shi sosai.

Yadda ake wanka lafiya

Ku haɗa komai a kusa kafin ku tuɓe jariri: tawul, kaya, hula da sabulu.

Ku fara zuba ruwan sanyi, sannan ku sirka da na zafi, ku gauraya. Kada a ƙara ruwan zafi jariri yana ciki.

Ruwan ya zama mai ɗumi kamar jikin mutum, wajen digiri 37. Ku gwada da gwiwar hannu, domin tafin hannun da ya saba da girki ba ya jin zafi da wuri.

Zurfin ruwa kada ya wuce santimita 5 zuwa 8, wato kamar tsawon yatsa.

Ku tallafi kai da wuya da hannu ɗaya, ku yi wankan da ɗayan. Minti 5 zuwa 10 sun isa.

Sabulu marar ƙamshi kaɗan ya wadatar. Kada a zuba Dettol ko sassaƙe a ruwan.

Ku tsane shi nan take, musamman matsematsin wuya, hammata da cinya, ku sa masa kaya.

Kada ku bar jariri a ruwa ko na ƙiftawar ido, kuma kada ku bar wa yayarsa ƙarama ta riƙe. Jariri na iya nutsewa a ruwan da bai wuce santimita 5 ba, kuma ba a jin kukansa. Idan an yi sallama ko tukunya ta tafaso, ku naɗe shi a tawul ku tafi da shi. Da an gama a zubar da ruwan, saboda yara masu rarrafe da ke gidan.

Hunturu, bazara da wankan jego

Daga Disamba zuwa Fabrairu safiya tana da sanyi da iska a wannan yankin. Ku bari rana ta ɗaga, ku yi wankan a cikin ɗaki. Sau 2 ko 3 a mako ya isa, sauran ranakun a goge fuska, wuya da wurin kashi da fitsari. Kada a rufe ɗaki da kaskon garwashi a ciki, iskar da yake fitarwa tana iya kisa ba tare da an ji warinta ba. Da bazara kuwa ana iya wanka kullum.

Ruwan wankan jego ba na jariri ba ne. Fatarsa siririya ce, tana ƙonewa a ruwan da babba yake iya jurewa. Idan kaka ko ungozoma ce ke yin wankan, ku yi mata wannan bayanin cikin ladabi tun kafin haihuwa. Idan ƙuna ta faru, ku riƙa zuba ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, a wurin har minti 20, sauran jikin yana lulluɓe, sannan ku tafi asibiti. Kada a shafa man goge baki, ƙwai ko manja.

Abin da ya fi baho muhimmanci

Idan kuɗi bai isa komai ba, ku fara da maganin cibiya na chlorhexidine, wanda gwamnatin Jihar Sakkwato ta fara rabawa a cikin al'umma tun 2013. Ana wanke hannu a shafa shi a cibiya sau ɗaya a rana tun daga ranar haihuwa, na tsawon kwana 7 ko yadda ma'aikacin lafiya ya nuna. Na cibiya ne kawai: idan ya shiga ido yana iya makantarwa. Gashin cibiya da tsumma mai zafi, ko shafa toka da kashin shanu, yana jawo ƙuna da ƙwayoyin cuta, har da tetanus. Bayan maganin cibiya sai tawul biyu, hula, zannuwa masu tsafta, da kuɗin mota da aka ajiye a gefe saboda larura.

Yaushe za ku garzaya asibiti?

Ku kai jariri cibiyar lafiya mafi kusa a ranar, ko da dare ne, idan ya ƙi kama nono, jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi, yana numfashi da sauri ko ƙirjinsa yana lotsawa, yana jijjiga, ya yi laushi ba ya motsi, tafin hannu da na ƙafa sun yi ɗorawa, ko cibiya ta yi ja, tana wari ko fitar da mugunya. Lokacin wanka ne ake ganin jikin jariri gaba ɗaya, don haka ku riƙa duba waɗannan alamun duk sanda kuka tuɓe shi.