Kyanwar Farisa

Kyanwar Farisa nau'in mage ce mai dogon gashi mai laushi, da zagayayyiyar fuska da gajeren hanci. Yawan gashinta ne ya bambanta ta da magen gida da aka saba gani a ƙasar Hausa.

Tarihi

Sunanta ya samo asali daga Farisa, wato Iran ta yau. Ana danganta shigarta Turai da matafiyin Italiya Pietro della Valle, wajen shekarar 1620. A 1871 aka nuna ta a baje kolin kyanwoyi na Crystal Palace a Landan. Daga nan ta yi farin jini a Ingila da Amurka, inda masu kiwo suka riƙa zaɓen masu shafaffen hanci. Wannan siffa kan jawo mata wahalar numfashi da yawan zubar hawaye.